Inna Rabi'atu, Wadda Ta Kai Ni Awon Jini

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga Rajab, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran Inna Rabi'atu, mutuniyar Tawa, mai sayar da abinci a unguwar Hindawiyya.

Inna, kowa zai ba da labarin tuwon da kika ciyar da shi. Ni Mahadi direba, ba don ke ba da yanzu ina kurkuku.

Shekarun baya na ɗauko fasinjoji biyu daga Makka, suka miƙo mini gora, wai zamzam ne. Wane Musulmi ke mayar da zamzam? Na yi bisimilla na sha. Muna shigowa gari kaina ya fara juyawa, na tsaya gefen titi. Ban farka ba sai a ƙofar shagonki, inda 'yan unguwa suka kawo ni, harshe ya yi nauyi, babu mota. Kafilina kuwa, ubangidana mai motar, har ya kai ƙara, wai sayar da ita na yi.

Wasu suka ce aljanu ne, a kira malam. Wasu suka ce a ɗura mini madara in amayar, a rufa asiri, kada 'yan sanda su shigo unguwa. Ban ga laifinsu ba, kowa na tsoron takardunsa. Ke ma iƙamarki, takardar izinin zama, ta mutu a lokacin. Amma kika ce alƙali ba ya ɗaure aljani. Duk wanda ya shayar da mutum abin gusar da hankali da gangan, shari'a na hukunta shi, sai dai a fara ganin maganin a jini kafin ya fita.

Sai kika ce, "Halas, shi ke nan, ku ɗauko shi mu je asibiti. In kama ni za a yi, a kama."

An kuwa tsare ki, sai da ɗanki Ismaël ya sha wahala kafin ki fito. Awo ya nuna maganin barci a jinina, ƙarar kafili ta faɗi. Da fasinjojin nan suka gwada wani direban a unguwar Madain Fahd aka kama su, alƙali ya ɗaure su kan satar da kuma shayarwar.

Tun daga nan ban iya shan abu daga hannun kowa ba. Kina kirana matsoraci, amma kullum sai kin fara kurɓa kafin ki miƙo mini.

Jiya a wurin zaman makoki ina ta mayar da kofin ruwa, har Ismaël ya zo. Ya kurɓi ruwan a gabana, ya miƙo, ya ce ke kika bar masa wannan wasiyyar. Wallahi Inna na sha, ina kuka.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ismaël da ƙanwarsa Aicha da dangin Tawa, Allah ya ba ku haƙuri. Amin.