Ƙanƙarar da na shanya a katanga

Ranar da Habboba ta ce a juya mata gadonta na igiya ya fuskanci ƙofar ɗakin Kawu Idris, ranar jikina ya ba ni akwai matsala. Habboba kakata ce, ita ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na Jazira zuwa gidan Kawu a unguwar Hajj Yusuf ta Khartum don in yi makaranta. Kullum bayan magariba tana soya gahawa a kan gawayi tana ba mu tatsuniya, kaina a cinyarta. Kuma duk yarinyar da ke cikin labari Sa'adiyya ce sunanta, wato ni.

Kawu direban wani hafsan soja ne. Shi ya shigo da na'urar wasan gem da faifai guda, aron mako biyu daga ɗan maigidansa. A ciki mutum ne tsaye kan katako yana sulalowa daga dutse mai dusar ƙanƙara. Na yanzu da nake gani a wayar ƙanena har dusar tashi take yi, amma na lokacin mutumin kamar da gatari aka sassaƙa shi. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai bulon da ake saye da azumi, ya ishe mu kallo. Nafisa 'yar Kawu ta iya tun kwana na biyu. Ni kullum sai na yi karo da bishiya.

Habboba ta ce wannan ai auduga ce, ita da ta tsufa tana tsintarta ba za a gaya mata ba. A daren ta kawo sabon labari: kura ta biyo wata yarinya har kan tsaunin auduga, yarinyar ta ɓalle ƙyauren ɗaki ta hau, ta gangaro, kura na ta tuntuɓe a baya.

"Yarinyar nan kuwa Nafisa ce," in ji ta, "mai ƙafa kamar an dasa ta."

Kaina yana cinyarta, hannunta yana kan Nafisa.

Washegari kafin in tafi makaranta na zare faifan na ɗora kan katangar baya. A tunanina dusar tana cikinsa, ranar Khartum za ta narkar da ita, a kunna a ga dutse tsirara, kowa ya dawo bakin wuta. Da na dawo da azahar ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na mayar da shi inda na ɗauko shi.

Da Kawu ya ga faifan bai yi ihu ba, zama ya yi a ƙasa. Ya ce direban da ya gabace shi kwana uku ya yi a tsare saboda madubin mota kawai. Ya rantse duk wanda ya yi wannan ba zai ƙara mako a gidansa ba. A ranar ne Habboba ta sa aka juya mata gadon. Kwana biyu yana zaga kasuwar Suk al-Shabi da kasuwannin Umdurman yana neman irinsa. Na ƙulle kayana a leda na tura ƙarƙashin gado. Duk raksha, wato babur mai ƙafa uku, da ta tsaya a ƙofa sai in leƙa in ga ko ni aka zo ɗauka.

Na daɗe ina cewa iya wasan Nafisa ne ya tsone min ido. Sai da na girma na yarda so nake Habboba ta zama jika ɗaya gare ta, kuma saura kaɗan Kawu ya kwana a tsare saboda haka.

Rana ta uku bayan la'asar ta kira ni in daka mata gahawa. Ba ta dube ni ba, ta ce Kawu ya samo irinsa, ya mayar wa masu shi. Ta kuma gaya masa ita ce ta wanke faifan ta shanya.

"Ya yi faɗansa ya gaji. Uwarsa zai kora?" Ta karɓe taɓaryar daga hannuna. "Je ki kwance ledar nan, ja'ira. Babu inda za ki."