Motar da ba ta sallama

Tun da fetur ya yi tsada na rage zuwa wajen Yayata. Tana wani ƙauye gaba da Yako, ni kuma ina Tudun Wada ina sana'ar masara da shinkafa. Da can duk mako nake zuwa. Sai ya koma bayan mako biyu, daga nan sai in yi wata ban leƙa ba. Ita ta riƙe ni bayan ruwan Tiga ya tashi garinmu. Yanzu mijinta ya rasu, ɗanta ya kwashe iyalinsa ya tafi haƙar kuza Riruwai, idonta kuma ya yi rauni. Ba ni da wani dalilin sauya mota sai ita. So nake in riƙa isa wurinta yadda na saba.

Tsohuwar motata shan mai gare ta, ga ƙara. Salansarta ta daɗe da fashewa, tun daga nesa ake sanin ni ne tafe.

Wani dillali da muka daɗe tare ya nuna mini irin motar nan mai haɗa fetur da batir, wadda ake kira haibirid. Ya ce in ana tafiya a hankali batir ke jan ta, in an taka sai inji ya karɓa, ko birki ka taka caji take yi. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na gane abin da ya shafe ni, wato zan daɗe ban shiga gidan mai ba.

Kafin in yanke shawara na biya wajen bakanikena.

"Alhaji, wannan ai ba mota ba ce," in ji shi. "Wayar hannu ce aka sa wa taya. In babban batirin ya mutu, ni ko taɓa ta ba zan yi ba, sai Kano. Ba a tura ta ta tashi. Ga cikinta dab da ƙasa, kai kuma hanyar ƙauye kake bi."

Na ce, "Faɗi gaskiya dai, tsoro kake in daina kawo maka aiki."

"Har da wannan," ya yi dariya. "Amma ranar da ta tsaya maka a dajin Falgore, sai ka kira birai su duba maka."

Maganarsa ta shige ni. Sai na roƙi dillalin ya ba ni ita in gwada a kan hanyar da zan riƙa bi, ya yarda.

A kan kwalta ban ga wani bambanci ba, sai dai allurar mai da ta ƙi motsi. Ina sauka kan burji na rage gudu, sai injin ya yi tsit. Na ɗauka mutuwa ta yi, ashe tafiya muke. Shanun Fulani na tsallaka hanya, ko ɗaga kai ba su yi ba. Awaki kuwa sai da na danna musu hon. Na ce a raina wannan aibi ne, domin a ƙauye da kunne ake kauce wa mota.

Kullum na je, nakan tarar da Yaya zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yafa mayafinta mai kyau, carbi a hannu, an ajiye mini fura a gefe. Rannan na yi sallama ina shiga, kamar yadda na saba. Sai na gan ta a tsakar gida tana rarrafe. Daga wajen randa take, tana tura kofin ruwa a gabanta. Ƙafafunta sun kumbura, an naɗe ɗaya da tsumma.

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Auta? Da ƙafa ka zo?"

"Da mota na zo."

"Wace irin mota ce ba ta sallama?" Ta jawo zane ta rufe ƙafafun. "Ko kura ai ta fi ta kunya."

Maƙwabciyarta ta shigo da sauri, ta gan ni, ta tsaya turus. Ita ta tona maganar. Ta ce da zarar sun jiyo ƙarar motata daga gadar da ke bakin ƙauyen, sai ta shigo ta kama Yaya ta zaunar da ita, ta ɗauko mayafi, ta dama fura. Haka suke yi tun damina. Yaya ta sa ta rantse ba za ta gaya mini ba.

Na tuna na daɗe ban ga Yaya a tsaye ba. Ban taɓa tambaya ba, domin "lafiya lau" ɗin da take ba ni ta yi mini daidai.

"Ka mayar musu da abarsu," in ji Yaya. "Ba na son ta."

Na ce, "Saye zan yi, Yaya. Kuma yanzu za ki shige ta mu tafi asibiti."

"Kai za ka ba ni umarni? Ni na koya maka ɗaura wando."

"Ban manta ba. Tashi za ki yi ko ɗaukar ki za mu yi?"

Ta ce ita ba ta shiga mota, jijjiga na taso mata da amai. Maƙwabciyar ta ce, "Haba Inna, motar da ta shigo har ƙofar gida ba ki ji ta ba, ita za ta jijjiga ki?" Muka ɗauke ta tana faɗa. Mun yi nisa sai ta ce, "To ka tayar mana mu tafi, in tafiyar za a yi." Na ce mun wuce gada. Sai ta ce lallai Nasara ba su da aikin yi.

Na sayi motar. Bakaniken bai yi ƙarya ba. Da ruwa ya yi ƙarfi, a Yako nake ajiye ta in hau babur in ƙarasa. Akwai ranar da wata fitila ta kunnu a gaban sitiyari, sai da na kai ta Kano aka jona mata kwamfuta. Batirin ma na san wata rana zai gaji. Duk wanda ya tambaye ni, nakan ce ya duba hanyarsa da nisansa da masu gyara kafin ya saya. Ni dai na duba tawa, ban kuma yi nadama ba.

Yaya ta yi jinya a gidana har ta fara takawa da sanda, sannan ta kafe sai ta koma ɗakinta. Na mayar da ita. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, in riƙa danna hon daga gada, domin ita ba ta tsufa da a riƙa faɗo mata ba. Ran Juma'a ina dannawa, in tarar da mayafi da fura. Ran Talata kuwa ba na dannawa. Ta sani, tana mita, amma ba ta hana ni shiga ba.