Aska goma sha uku a hoton fasfo

Jikokina na nan unguwar Bobiel gani suke ɗaukar hoto ba komai ba ne, ka miƙe hannu da waya ka karkace baki, shi ke nan. Ni kuwa sai da na kai wa gwamnati hoto kala uku, na sha baƙar magana daga ƙabila biyu, kafin ta yarda cewa fuskar da ke bisa wuyana tawa ce.

Shekarun farin nan ne, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ina ɗinki a wata rumfa bakin Babbar Kasuwar Yamai, ina kwana a unguwar Yantala. Aiki ya tsaya cik, don ba mai tunanin sabuwar riga. Daga ƙauyenmu na Gobir duk wanda ya zo labarinsa guda: shanu sun faɗi, rumbu ya ƙare, inna da ƙannena jar dawar taimako suke jira, in mota ta kawo. Ana haka wani Alhaji mutumin Tawa ya samu aikin ɗinka kayan ma'aikata a Libiya, yana neman tela huɗu. Ya sa ni ciki, amma ya ja mini kunne: in takardun fasfona ba su shiga ba kafin a tashi aiki ran Juma'a, zai ba wani gurbina, masu jira sun fi goma. Ran Litinin ya faɗa mini haka. Daga ranar ban ƙara zama kan kujera da ɗuwawu biyu ba.

Na yi lakkol har aji uku, kada ku raina ni. Saboda haka da kaina na karanta takardar da aka manna a ƙofar biro, wato ofishin fasfo, ina bin ta da yatsa: hoto huɗu, kai ba hula, kunne biyu a fili, ido gaba, ban da dariya. Wannan na ƙarshe bai dame ni ba, shekarar ba wanda ke da ita.

Mai hoton da ya fi suna wajen kasuwa wani Bayarabe ne mai tumbi, yana da ɗaki da labule da fitilu biyu. Ku sani Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne, kuma ni ba na ɓoyuwa, don wanzamin garinmu ya yi aikinsa da zuciya ɗaya: aska shida a kuncin dama, bakwai a hagu, daga bakin leɓe har gindin kunne. Ina shiga ya tafa hannu.

“Bawana ya zo! Wa ya yi huɗa a fuskarka bai shuka komai ba?”

“Ubangidanka dai ya zo. Ɗauke ni da sauri, mai cin barkono.”

Abin da ban sani ba, masu hoton ɗaki a lokacin suna da wata al'ada. In sun wanke baƙar takardar nan da ake fitar da hoto daga jikinta, sai su ɗora ta bisa gilashi su bi fuskar mutum da fensir mai tsini, su shafe ƙuraje da tabo, don kowa ya fito ango. Ran Talata da la'asar na karɓi hotunana, na ga wani saurayi sumul, kunci kamar bayan ƙwai. Aska ko ɗaya babu. Kuma in faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Shekara huɗu ƴan matan Yamai suna ƙirga mini fuska in na wuce. Na tsaya bakin hanya ina kallon yaron nan, ina cewa ashe haka Allah ya so ni tun farko, wanzami ne ya yi shisshigi.

Ran Laraba tun da asuba na shiga layi. Layi ne na zamanin soja, ba mai tari da ƙarfi. Ina ɗaga ƙafa ina saukewa, ina duba rana, ina ƙirga kawunan da ke gabana, in na gama in sake daga farko. Sai bayan azahar na iso gaban tebur. Mai karɓar takardu wani ɗan sanda ne dogo, Bazabarme, su ma kuwa abokan wasanmu ne, amma wa zai fara wasa da mai kaki a shekarun nan? Ya dubi hoto, ya dube ni, ya sake duban hoto.

“Ina mai takardun?”

“Ga ni, ranka ya daɗe.”

“Ƙanenka ne wannan?”

“Ni ne.”

Ya buɗe katina na ɗan ƙasa, ya sa bakin alƙalami inda aka rubuta alamun fuska. “Nan an ce kana da aska. Ni ma ga su ina gani, ko makaho ya shafa zai karanta. Wannan na hoto ba shi da ko ƙwarzanen kaza. In ka je iyaka, wa za su bari ya wuce, kai ko shi?” Ya turo mini takarduna. “Bagobiri, je ka nemo fuskarka ka dawo.”

Da gudu na koma wurin Bayaraben. Ya rantse shi alheri ya yi mini, mutane har roƙonsa suke ya gyara su. Na ce a sake ɗauka. Ya ce fim ya yi wuya a gari, wanda ke cikin na'ura kuma ba zai wanke ba sai ya cika, sai wani mako.

“Amma kwantar da hankalinka, bawana. Hannun da ya cire shi zai mayar. Zo gobe da safe.”

Allura ya sa ya karce baƙar takardar. Da safe ya miƙo mini ambulan a rufe, ni kuma layi ke raina, ban buɗe ba sai da na kusa tebur. Mutumin nan bai tsaya ƙirga ba, abin da idonsa ya saba gani a gidansu ya zana: uku-uku a kowane kunci, gajeru, a tsaye.

Ɗan sandan ya daɗe yana kallo. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya kira na kusa da shi ya nuna masa.

“Jiya ba ka da gari, yau ka zama Bayarabe. To ai ba nan za ka zo ba, ofishin jakadancinku za ka. Ko in sa a raka ka iyaka?”

Duk layin aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ban yi ba. Alhamis ce, saura wuni guda, kuma fuskar inna nake gani bisa teburin. Ina jin ya lura, don ya rage murya.

“Kai, bawan Zabarmawa. Bar masu fitila. Bayan katangar nan akwai tsoho mai akwati, shi bai iya ƙarya ba. Gobe kada ka bi layi, zo kai tsaye.”

Na zagaya a take, tsohon ya riga ya tashi. Ran Juma'a na riga shi zuwa, na yi ta kai da kawowa gindin katanga har ya iso da akwatinsa mai ƙafa uku. Ya rataya wani farin zane da ya ga duniya, ya zaunar da ni bisa gwangwani ina fuskantar rana, ya tura hannu cikin baƙin hannun riga da ke jikin akwatin, ya cire murfi ya ƙirga uku ya mayar. Ya yi ta laluben cikin akwati kamar mai taimakon akuya haihuwa, ni kuwa ina jin wani mai agogo yana cewa sha ɗaya ta wuce. Daga ƙarshe ya ɗauraye hotunan cikin bokiti ya yanka da almakashi.

Ban taɓa ganin mummunan abu irin wannan ba. Ido a ƙanƙance, wuya kamar na zakaran da ya sha jinya, kunnuwa sun baje. Amma askar nan, kowace ta fito da ranta.

Na ruga ina kaɗa su a iska don su bushe. Ɗan sandan har ya fara tattara tebur. Ya karɓa, ya sa bakin alƙalami ya ƙirga da ƙarfi kowa na ji, shida, ya juya, bakwai. Sannan ya kama haɓata ya ƙirga na jikina.

“Sha uku, sha uku. Muni ma ya yi daidai.” Ya buga hatimi.

Na iske Alhaji ƙofar masallaci, na nuna masa takardar shaidar karɓa tun bai sa takalmi ba.

Wata uku da isata Libiya na aika gida da abin sayen hatsi. Don inna ta ga ɗanta ya ci gaba, na sa mata hoton nan na farko, mai sumul ɗin, don na ɓoye guda. Hatsi ta karɓa. Hoton kuwa ta ba mai saƙon ya dawo mini da shi, ta ce a gaya mini an yi kuskure an haɗo da na ɗan wasu, a mayar wa uwarsa kada ta yi ta nema.