Tsingaro a Gindin Gawo

Jiya hauyata ta tono tsingaron tukunya a gonarmu ta Tajaye, sai na tuna da kakana. Ba ya jefar da tsingaro. Yakan goge shi da babban yatsa, ya ajiye a gindin gawo.

Wata rana bayan ruwa, ƙasa na ƙamshi, ya ce mini, "Da nan gari ne. Yaƙi ya tura mutanensa cikin ganuwa, annoba ta iske su a cunkushe. Da ta wuce, bawa ya gaji gona, baƙo ya zama sarki."

Yanzu 'yan'uwana duk suna ci-rani. Na kai tsingaron gindin gawo, ba wanda zan faɗa wa. Allah ya jiƙan Kaka, ya bar mana mai tunawa da mu.