Ranar da Gyare Ya Yi Shiru

Ni direban haya ne, ɗan direba. Shekara tara ina ɗaukar fasinja daga Bungudu in ratsa Gusau zuwa Tsafe, ban taɓa taka ko kaza ba. A tasha har tsokanata ake yi, wai in mutum ba sauri yake yi ba ya shiga motata. Ina rubuta wannan ne domin matasan da suka fara riƙe sitiyari.

Abin ya fara ne daga sawu. Na ga abokan aikina suna yin sawu huɗu ina yin uku, sai na soma ƙara wuta. Sau biyu jami'an hanya suna tare ni da na'urarsu mai auna gudu. Ina cikin jin haushin haka wani mai gyaran wayar mota ya nuna mini wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba. Ya ce in aka kunna ma'aunin gudu a gaba, tun daga nesa zai yi ƙara. Na saya, na liƙa a jikin gilashi. Fasinjoji suka sa masa suna gyare, saboda kukansa. Bayan wata guda na koma wurin mutumin ya cire mini abin da ke taƙaita gudun motar. Na san laifi ne, amma na ga ba mai kama ni.

Mu direbobi muna da al'ada: in ka baro wani abu a hanya, sai ka yi wa mai tahowa fitila. Da can ina rage gudu duk lokacin da aka yi mini. Da na sami gyare sai na daina. A ganina fitila ba ta da wata ma'ana sai jami'ai, ni kuwa ina da wanda ya fi kowa sanin inda suke.

Akwai wata dattijuwa 'yar Bungudu, Inna Hassi, mai kai daddawa kasuwar Tsafe. Ta daɗe tana shiga motata, kullum a gaba take zama. Ranar da abin ya faru, da hantsi, mun kusa 'Yandoto sai wata mota ta taho tana yi mini fitila, direban har ya fito da hannu yana kaɗawa ƙasa.

Inna ta ce, "Malam, wancan da kai yake."

Na dubi gyare, shiru. Na ce, "Inna, tsoro ne ke damunsa. Da akwai wani abu da gyare ya faɗa."

Ta ce, "Shi wanga abu naka, ido gare shi?"

Na yi dariya, na ƙara wuta.

Da na sha kwana, ashe wata babbar mota ce ta lalace a hannuna, an jera ganye a kan kwalta, shanu kuma suna tsallakawa ta ɗaya hannun. Na taka birki, amma a wannan gudun birki ba ya komai. Gefen Inna ne ya shige ƙarƙashin babbar motar.

Da na farfaɗo ina matse tsakanin kujera da sitiyari. Abin da na fara ji shi ne kukan gyare. Motar jami'an ce ta iso, ma'auninsu a kunne. Mutanen da na yi wata bakwai ina gudu su ne suka yanka ƙarfe suka zaro ni. Inna ta rasu a wurin. Mutum biyu a baya suka karye.

A kotu aka ajiye gyaren a kan tebur. Direban nan da ya yi mini fitila ya ba da shaida, ya ce, "Sau ukku na yi mai fitila, na hidda hannu. Na gan shi yana dariya." Ban musa ba. Aka yanke mini shekara huɗu.

Da na fito, kafin in je ko'ina na tafi Bungudu wurin babban ɗan Inna Hassi, Malam Sani. Na durƙusa a zaure na nemi gafara. Ya ce, "Mun yafe tun tuni. Abu ɗaya nike so in sani. Mi ta ce maka na ƙarshe?"

Na faɗa masa, kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe ta gani."

Na tuba ga Allah, ban kuma sake tuƙi ba. Yanzu lodi nake yi a tasha. Ƙannena, in aka nuna muku wannan akwatin, ku tuna jami'i kaɗai yake ji. Bai san saniya ba, bai san ganye a kwalta ba. In ɗan'uwanku ya yi muku fitila, ku ɗaga ƙafa. In fasinja ya yi magana, ku saurara. Ni an gaya mini sau biyu a cikin minti ɗaya, na zaɓi in yarda da abin da ya yi shiru.