Akwatin da na shafa wa fenti

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma abin da aikin ya fi koya mini shi ne yadda ake shirya wa sufeton makarantu. A share fili, a jera duwatsu a bakin hanya, a shafa musu farar ƙasa. Kakata Saratu kuwa ba ta taɓa shiga aji ba, sai na baftisma.

A gidanmu na ƙauye, bayan Fadan Kagoma, labari yana zuwa ne da kakar citta. Da an cinye tuwon acca, rana ta faɗi, sai Kaka ta ƙara ice a wuta, ta zube citta a tabarma, kowa ya ɗauki wuƙarsa muna tsagawa don a shanya da safe. Da yarenmu take yi mana faɗa, amma tatsuniya da Hausa take yi saboda 'ya'yan maƙwabta. Hausarta ba ruwanta da namiji ko mace.

"Hannu yana aiki. Kunne fa, yana nan?"

"Yana nan, Kaka."

Labarin da muka fi roƙo shi ne na Ƙudan Zuma mai neman masauki. Wai ruwa ne ya rushe masa kogon bishiya, ya kwaso iyalinsa ya shigo gari. Gidan farko na wani mutum ne mai tsabta, wanda ya share tsakar gidansa har ba tsinken ciyawa. Ya nuna masa sabon ɗaki. Ƙuda ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "Wa ya taɓa kwana a nan?" Mutumin ya ce ba kowa. "To me ake ci?" Ya ce duk ya share. Ƙuda ya yi godiya ya wuce. Can bayan gari ya tarar da wata gwauruwa, kabewa ta hau mata danga, ciyawa ta yi fure har bakin ƙofa, ga tsohuwar tukunya a kife tana ƙanshin kakin zuma. Bai ma yi sallama ba. A shekarar, kabewar matar sai da aka kira mutane ɗauka.

Mu dai darasi ɗaya muka ɗauka. Washegari ƙanwata Rahila ta ƙi taɓa tsintsiya, ta ce tana jiran baƙi. Kaka ta dube ta, ta ce, "Kai ƙuda ne? Ɗauka ka share."

Da na yi ritaya na koma gona. Na je kwas na kiwon zuma, na dawo da takardar shaida da akwatunan katako shida. Burina gonar ta zama wurin da mutane za su zo su ga noman da ba ya gajiyar da ƙasa. Zumuntar mata ta cocinmu a Kafanchan suka ce su ne baƙin farko, ƙarshen damina. Sai tsohon hali ya motsa. Na shafa wa akwatunan fentin mai, ciki da waje, na rubuta musu lamba. Na sa aka fesa maganin ciyawa don kada zannuwan iyayenmu su kwashi ƙaya. Duwatsun ma na jera su.

Wata biyu ba ƙuda ko ɗaya. Akwati na huɗu ne kaɗai ya samu mazauni, shi ma ƙadangare. Matata ta ce in ɗaga ziyarar. Na ƙi, don ina ganin kamar ƙudan za su ji kunyata su shigo.

Ranar Asabar mata suka sauka daga bas da anko. Na tsaya gaban akwati na ɗaya ina bayanin yadda ƙuda ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Mama Laraba, wadda ta girmi kowa, ta ɗaga murfin ta shinshina.

"Malam, wa ya taɓa kwana a nan?"

Ta juya ta dubi ƙasar da na ƙone da magani.

"To me ake ci?"

Matan suka fashe da dariya. Ashe 'yar ƙauyenmu ce, ta tsaga citta a tabarmar Kaka tun ba a haife ni ba. Na ajiye takardar jawabina na ce, "Mama, ƙarasa musu." Ta zauna a kan ɗaya daga cikin fararen duwatsuna ta ba su labarin, kuma abin da suka tafi da shi gida ke nan, tare da rogon da na ba su tsaraba.

Akwai wata tsohuwar tukunyar Kaka a rumbun kawuna, baƙa ƙirin, bakinta ya ɗan ɓalle. Na narka kaki na shafe cikinta, na ɗaura ta a reshen ɗorawa can bakin rafi, inda feshina bai kai ba. A mako na uku na ji gunjin ƙudan zuma tun kafin in ga bishiyar. Akwatuna biyar na kankare su, na bar ciyawa ta dawo, a hankali suka cika.

Yau makarantu ma suna zuwa, kuma ina gaya musu tun a waya su sa takalma masu rufi, don gonar ba a share take ba. Na daɗe ina ɗauka labarin Kaka gori ne ga masu tsabta. Yanzu na ga tambaya take yi: wa kake shirya wa gida, mai zuwa dubawa ko mai zuwa zama?

Akwati na huɗu na bar shi da fentinsa a bakin shiga. Daga nan nake fara zagayawa da baƙi. Ƙadangaren yana nan, ya yi iyali.