Akuyar Kara

Ɗazu na zaro kara ɗaya daga dangar bayan gida, na fasa shi da haƙori. Ƙanshin totuwar nan, mai kama da ƙurar rumbu, shi ya mayar da ni Ƙofa, gidan da aka haife ni.

Da bazara ne, shekarar da ƙyanda ta shigo unguwarmu. Ƙanena ya tashi daga ciwon, amma ya ƙi abinci. Ko koko aka kai masa baki sai ya kau da kai. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta zaga bayan ɗaki ta yi kuka.  Da hantsi Kaka ta zauna a inuwar rumbu, ta ɓare kara, ta soka wa totuwar ƙafafu da ƙaho na ɓawo, ta ce ga akuya. Labarin akuyar ba wani labari ba ne. Ta je gidan wance ta ci dusa, ta je gidan wane ta ci harawa. Duk sanda akuya ta sunkuya za ta ci, sai Kaka ta miƙa ludayi, yaro ya buɗe baki bai sani ba.

Baffa, wanda yake ganin duk gidan ba wanda ya kai shi sanin tatsuniya, ya tsaya ya saurara. Ya ce wannan ba kai ba gindi, kuma wa ya taɓa jin tatsuniya da rana tsaka. Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba kai na yi wa ba," in ji ta. "Leƙa ƙwaryar."

Ya leƙa. Saura kaɗan a gindi.

Yau ina aure a Kafin Maiyaƙi, autata kuma sikila gare ta. In ciwon ya tashi, ci shi ne yaƙinmu. Akwai wani katun na Hausa da ake sawa a talabijin da la'asar, na wani ɗan jaki mai kwaɗayi. In jakin ya ci, ita ma sai ta ci. Da aka mayar da shi dogon fim, babanta ya sa aka tura mana a waya, na ce Allah ya kawo mana sauƙi, ba sai mun jira la'asar ko wuta ba.

Sai na ji masu sharhin finafinai a rediyo sun sa shi gaba. Suka ce an ɗauki shirin da bai wuce shan ruwa ba an ja shi kamar danƙo. Bakin jakin ba ya bin maganarsa. Ba ya komai sai ci, wannan raina wa yara hankali ne. Suna faɗa suna dariya. Ban ce sun yi ƙarya ba, ni ma na ga bakin. Bayan nan aka daina sa shirin a talabijin. Ko saboda su ne, Allah masani.

Makon jiya wayar ta faɗa ruwan wanke-wanke, komai ya tafi. Na je wurin mai tura finafinai a bakin kasuwa, ya ce ya goge fim ɗin tuni, ba mai tambaya.

"Mama, ai an ce ba shi da kyau. In sa miki wani?"

Ya sa wa yarinyar wasu masu ƙyalli da gudu. Ta kalla, bakinta a rufe. Babanta ya hau babur har Tudun Wada, ya dawo hannu biyu. Na lallaɓa na rubuta wa gidan rediyon saƙo, ban ji an karanta ba.

Shi ya sa na zaro karan. Hannuna bai kai na Kaka ba, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, akuyar sai faɗuwa take. Na kai ta gidan wance ta ci dusa, na miƙa cokali. Yarinyar ta daɗe tana dubanta, ta ce a hankali wannan ba jakinta ba ne. Ta karɓi cokali ɗaya, ina jin don tausayina.

A zamanin Kaka, mai kushe yana tsaye a tsakar gida, ana iya nuna masa ƙwarya. Na yanzu suna birni, muryarsu kawai ke zuwa mana. Kai da kake karanta wannan, in fim ɗin yana wayarka, don Allah kada ka goge. In kuma ka san su, ka ce musu ba su aka yi wa ba. Kwanon yana nan gabana, kokon ya huce, har ya yi fata a sama.